Filin Tambaya da Amsa: Ƙera Mayaƙin da Ya Ji Rauni a Ƙaramin Ma'auni

Tambayoyin da suka iso mana wannan watan daga garuruwan Sudan kusan duk a kan abu guda suka taru, wato yadda ake ƙera ɗan mutum-mutumin mayaƙin da aka raunata, irin wanda ake sawa a ƙaramin filin tarihi na makaranta ko ɗakin nuni. Ga waɗanda muka zaɓa.

Daga Gadarif: *Assalamu alaikum. Ina ƙera ɗaya daga cikin Ansar, wato mabiya Mahadin Sudan, da aka harba a yaƙin Karari na 1898, a ma'aunin 1/35. Sau uku ina yi, amma kullum sai ya fito kamar mutumin da ke tsaye aka kwantar da shi. Ina kuskuren yake?*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuskuren yana cikin wayar da ka fara lanƙwasawa ta zama ƙashin mutumin, tun kafin ka taɓa yumɓu. Mai lafiya tsokarsa ce ke riƙe da shi. Wanda ya ji rauni kuwa ƙarfinsa ya tafi, ƙasa ce ke riƙe da shi, don haka duk gaɓar da ba ta da abin dogara sai ta faɗi har inda ƙashi ya tsayar da ita. Idan ka gane wannan, rabin aikin ya ƙare.

Fara da awo. Mutum mai tsawon santimita 175, in ka raba da 35, ya zama milimita 50. Kai daga haɓa zuwa tsakar ka bai wuce milimita 7 ba, inda cinyoyi suka rabu yana daidai tsakiya, wato milimita 25 daga ƙasa, gwiwa tana wajen 14, faɗin kafaɗa wajen 13, tafin ƙafa 7 da rabi, hannu daga wuyansa zuwa ƙarshen yatsa 5 da rabi. Zana wannan a takarda ka ajiye kusa. Samo wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, wadda ake fiɗowa daga kebul ɗin lantarki ta isa. Murɗa guda biyu su zama ƙashin baya, su rabu su zama ƙafafu, ta uku ta gitta ta zama kafaɗu da hannaye. Ɗora ɗan ƙulli na yumɓun ifoksi a ƙirji da wani a ƙugu, ka bar ciki, gwiwoyi, wuya da gwiwar hannu waya tsirara. Bar su su bushe sarai. A nan ne za ka lanƙwasa, kuma da filaya mai siririn baki, a kan gaɓa kaɗai. Idan wayar cinya ko ta ƙwauri ta yi baka, ƙafar za ta fito kamar ba ƙashi a ciki, kuma babu yumɓun da zai gyara ta.

Kafin ka lanƙwasa, sa ƙanenka ya kwanta a tabarma ya saki jiki, ka ɗauki hotonsa da waya ta gaba, ta gefe da ta sama. Gani ya kori ji. Za ka lura da abubuwan da hankali ba ya kawowa da kansa. Wanda ya kwanta rigingine, tafin ƙafafunsa suna buɗewa waje, ba sa kallon sama. Yatsun hannu ba sa miƙewa kuma ba sa dunƙulewa, suna ɗan naɗewa, ƙaramin yatsa ya fi na nuni shiga ciki. Kai yana mirginawa gefe guda, baki ya ɗan buɗe. Kafaɗu da ƙugu ba sa zama a layi ɗaya, dole ɗaya ya karkace wa ɗaya. Wanda rauninsa ke ciki yana naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, wanda aka samu a haƙarƙari yana karkata zuwa ɓangaren ciwon yana matse shi da dantse, wanda aka karya wa hannu yana tallafe shi da ɗaya hannun a jikin ciki.

Sai abu na biyu da ke tona asirin yawancin masu farawa: haske yana wucewa ƙarƙashin mutumin. Jikin da ke kwance yana bajewa inda ya taɓa ƙasa, a allon kafaɗa, mazaunai, sha-raɓa da ƙeya. Yi ƙasar filin tukuna. Shimfiɗa siririyar leda a kanta, sa ɗanyen yumɓu a bayan mutumin, danna shi a kan ledar har ya zauna, ka bar shi ya bushe a nan. Gobe ka ɗaga, ka cire ledar, bayansa ya ɗauki surar ƙasar daidai. Rigar ma haka: ninkinta duk ƙasa yake zubowa ya taru a gefen jiki, ba ya bin tsawon jiki kamar na mai tsayuwa.

Daga Kassala: *Yumɓun ifoksin da aka kawo mini yana ƙanƙarewa kafin in gama hannu ɗaya. Na gwada lakar kogi kuma ta tsattsage. Me zan yi?*

Zafin garinku ne, Malam. Ifoksi kashi biyu ne da ke haɗuwa su daskare, kuma zafi yana hanzarta haɗuwar: a ƙiyasin da masu aikin ke bi, duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aiki da kusan rabi. Milliput, wanda ke yin tauri cikin awa 3 zuwa 4 a ɗaki mai sanyi, a watan Mayu na Kassala ba zai ba ka ko rabin wannan ba. Ka riƙa kwaɓa kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya a lokaci guda, kashi biyun daidai wa daida, ka murza har launin ya zama ɗaya ba zane-zane, domin inda bai gauraya ba zai zauna da danƙo har abada. Yi aikin bayan sallar asuba. Wanda ka kwaɓa kana jira, ɗora shi a faranti a kan kwanon ruwan randa. Wanda ba a kwaɓa ba, ɗaure a leda ka sa a firiji, in ka fito da shi kada ka kwance sai ya huce, don kada raɓa ta sauka a kansa.

Green Stuff, mai rawaya da shuɗi, ya fi kyau ga fuska, yatsu da igiya, amma ba ya karɓar samfefa. In ka ƙara rawaya ya yi laushi, in ka ƙara shuɗi ya yi tauri da sauri. Haɗa shi rabi da rabi da Milliput, sai ka sami wanda ke miƙuwa yana ɗanye kuma ya gogu bayan ya bushe. Ifoksin masu gyaran famfo, mai daskarewa cikin mintuna kaɗan, ya dace da ƙullin ƙirji da ƙugu kawai. Lakar kogi kuwa tana tsukewa in ta bushe, wayar cikinta ba ta tsukewa, shi ya sa ta fashe. Ajiye ta don ƙasar fili. In Fimo ka samu, wato yumɓun roba, ana gasa shi a digiri 110 na minti 30, amma kada ka haɗa shi da sassan roba na kwali, za su narke su karkace. Kuma ka wanke hannu da sabulu bayan ifoksi, kada ka jiƙa kayan aiki da yawu, domin yawan taɓa shi yana sa wasu ƙaiƙayi da kurji.

Daga Mai Wurno: *'Ya'yana, jikana ya shiga wannan sana'a, yana so ya nuna hijirar kakanninmu bayan Burmi. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Shin surar mai rai ba haramun ba ce?*

Baba, Allah ya ƙara girma, damuwarka a wurinta take. Hadisan da suka tsananta a kan masu surantawa ingantattu ne, kuma malaman Malikiyya sun haramta surar mai rai in tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika. Sun sassauta a kan wadda aka tauye mata abin da mai rai ba ya rayuwa sai da shi, kamar kai, sun kuma keɓe 'yar tsanar yara mata saboda hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Fatawa a kan aikin jikanka ta malamin da kuka amince da shi ce, ku kai masa abin ya gani da idonsa, ku gaya masa don me aka yi.

Abin da za mu ƙara ta fuskar sana'a shi ne, ana iya ba da labarin rauni ba tare da an ƙera mutum ba. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka zauna a gefen Shuɗin Nilu. Jikanka zai iya yin zango guda na wannan tafiya: lifidi a yage an rataye a reshen ƙaya, kwari da kibiya biyu kacal a ciki, rawani da aka tsaga aka yi ɗauri da shi an yar, ƙwarya, allo, sawun ƙafa a yashi inda ɗaya ke jan ƙasa. Wanda ya san tarihin gidanku, wannan ya ishe shi.

Daga Fot Sudan: *Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina yin waɗannan don koyar da ɗalibai tarihin taimakon gaggawa. Na yanka bandeji na gaske na naɗa, ya fito kamar komar masunta.*

Malama, sannu da ƙoƙari. Duk abin da aka sa a jikin mutum mai milimita 50, ido yana ninka shi sau 35, don haka zaren bandeji ya zama igiya. Bandeji mai faɗin santimita 7 da rabi ya koma milimita 2 da ɗan kai. Farin tef ɗin da masu famfo ke naɗawa a haƙoran bututu ya fi komai dacewa: yanka shi da sabuwar reza a kan gilashi, kafa bakinsa da ɗigon sufa gulu, ki naɗa kowane zagaye ya rufe rabin na baya, daga ƙasan gaɓa zuwa sama, kamar yadda kike koya wa ɗalibanki. Fenti ba ya kama shi da kyau, sai an fara shafa masa farin gam na kafinta da aka tsarma da ruwa. Hanya ta biyu ita ce takardar tishu, falle ɗaya, a jiƙa da wannan gam ɗin kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyu. Ta fi kyau ga ratayen hannu mai kusurwa uku da bargo. Ki tuna ki rage kaurin gaɓar kaɗan kafin naɗi, ki kuma sa 'yar tsoka ta kumburo a bakin ɗaurin, in ba haka ba bandejin zai zama kamar an ɗora shi ne kawai.

Sai a kiyaye zamani. A Karari, ranar 2 ga Satumba 1898, rundunar Kichina, kwamandan sojan Ingila da Masar, tana da likitoci da kayan ɗauri, mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, kuwa, waɗanda aka kashe musu sama da 10,000 aka raunata wasu dubbai, da yawa a filin aka bar su. Ɗan Ansar da ya sami mai taimakonsa, da tsagin rawani ko ƙyallen dammur, saƙin auduga na Sudan, za a ɗaure shi, don haka gefen ɗaurin ya zama a tsage, launinsa fari mai ɗan ruwan ƙasa, ƙullinsa babba. Jibbarsa a zamanin Halifa ba tsumma ba ce: faci ne masu kusurwa huɗu, shuɗi, ja, baƙi ko kore, an jera su daidai hagu da dama. Murza yumɓu tsakanin leda biyu da hoda har ya yi siriri kamar takarda, jira ya ɗan ƙanƙare, yanka facin ki manna. In kuwa yaƙin Keren na 1941 a Eritriya kike nunawa, inda sojojin Sudan suka yi yaƙi tare da Ingila a kan Italiya, to nan bandejin masana'anta da gadon ɗaukar majinyaci na zane da sanduna sun shigo.

Daga Sinnar: *Jinin da na fenta ya zama kamar an zuba tumatirin gwangwani. Kuma yaya ake nuna baƙin mutum ya galabaita, tunda hotunan da nake gani duk na fararen fata ne?*

Ɗan'uwa, fara da lissafi. Harsashin bindigar Lee-Metford da sojan Ingila suka riƙe a Karari faɗinsa bai kai milimita 8 ba. Raba da 35, ya zama kamar tsinin allura. Tabon jini mai faɗin tafin hannu a riga milimita 3 ne kawai. Wanda ya shafa ja a rabin ƙirji ya cika wa mutumin jini fiye da kima.

Jini ba ja-wur ba ne sai a farkon zubarsa. A kan auduga yana shigewa cikin zare, ya yi duhu, bakinsa ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Don haka hawa uku ake yi. Na farko ruwan ƙasa mai ɗan ja, a tsarma sosai, ya bazu ya fi sauran faɗi. Na biyu ja mai duhu, wato ja kashi uku, ruwan ƙasa kashi ɗaya, da ɗan taɓin baƙi, a tsakiya. Na uku ɗigo ɗaya mai sheƙi a bakin raunin kaɗai, da tsinken sakace. Jan fentin Tamiya X-27 da aka ɗan dusashe da baƙi yana yi, in babu, a gauraya ja da banish mai sheƙi. A yashi ba a yin sheƙi sam, ƙasa tana shanyewa ta bar duhu. Kuma jini ƙasa yake bi. In an harbi mutum yana tsaye sannan ya faɗi, za a ga tsohon zubi ya gangara zuwa ƙugu ya bushe, sabo kuma ya gangara gefen da ya kwanta. Kada ka manta da tafin hannunsa, domin wanda ya ji ciwo sai ya dafa wurin.

Tambayarka ta biyu ta fi muhimmanci. Baƙar fata ba ta yin fari in jini ya ragu, tana rasa ɗuminta ne ta yi toka-toka. A fuskar mai lafiya ana haskaka goshi, karan hanci da kumatu da ruwan ƙasa mai ɗan lemo. A ta mai rauni cire lemon, ka sa ɗan ruwan toka a madadinsa. Leɓɓa su dusashe su bushe, tafin hannu da farce su yi fari-fari, ƙarƙashin ido ya zurfafa da ruwan ƙasa mai ɗan shuɗi, a goshi a ɗiga banish mai ɗan sheƙi ya zama gumi. In akwai abokinsa kusa, fenta shi da cikakken ɗumin fata, bambancin fuskokin biyu zai faɗi abin da jini ba zai faɗa ba.

Muna da ra'ayi a nan, kuma ba za mu ɓoye ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutanen ƙasar nan suke ganin rauni na gaske, a titi da cikin gida. Wanda zai tsaya gaban aikinka wataƙila ya ɗauki ɗan'uwansa a kafaɗa. Hanji a waje da gaɓa a guntule ba sa ƙara wa aiki gaskiya, suna sa mai kallo ya kau da kai kafin ya ga mutumin. Rufe raunin da hannu, da ɗauri ko da ninkin riga, ka sa ƙoƙarinka a kafaɗar da ta faɗi da hannun da ke neman abin kamawa.

Daga Damazin: *Ina da sojojin roba na kwali, duk a tsaye suke. Ina so in mai da biyu masu ɗauke da mai rauni a kan angarib, wato gadon katako da igiya.*

Za a iya, ƙanena. A lanƙwasa gaɓa ana yanke ɗan yanki mai siffar tsinin gatari daga cikin lanƙwasar, bayan gwiwa ko cikin gwiwar hannu, da siririn zarto. Huda ɓangarorin biyu da allurar huji ta milimita 0.8, sa waya a tsakani, lanƙwasa, kafa da sufa gulu, cike gurbin da yumɓu. Kankare tsofaffin ninkin wando na wurin ka yi sababbi, domin ninkin mai tsayuwa a kan gwiwar da ta durƙusa nan take ake gane shi. In na resin ne, goga shi a jiƙe ka rufe hanci, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Angarib ɗin auna na gidanku ka raba da 35. Mai tsawon santimita 180 zai zama milimita 51. Tsinken tsire da aka fere ya yi katako, zaren ɗinki da aka ja ta cikin gam ya yi saƙa. Ka danna tsakiyar saƙar tun gam bai bushe ba, ta lotsa inda ƙugu zai zauna. Masu ɗauka kuma dole nauyi ya bayyana a jikinsu: hannaye a miƙe sun ja ƙasa, kafaɗu sun sauka, na gaba ya ɗan sunkuya, na baya ya ɗan jingina baya yana leƙen hanya ta gefe. Manna hannayensu a jikin katakon tukuna, sannan ka haɗa dantse da kafaɗa a ƙarshe. Wanda ya yi akasin haka sai ya tarar da yatsu suna shawagi nesa da abin da ake cewa sun riƙe.

Daga Wad Madani: *Bayan na fesa banish sai aikin ya yi fari kamar an barbaɗa gari, ga ƙura ta manne.*

Abu biyu ke kawo wannan, Malam: ko ba ka girgiza gwangwanin ya isa ba, ko ka fesa daga nesa cikin zafi har feshin ya bushe a iska kafin ya sauka, damshin damina ma yana yin haka. Girgiza minti biyu cur, fesa daga santimita 20 zuwa 25 da sassafe, a inuwa, ka fara gwadawa a kan cokalin roba. Wanda ya riga ya yi fari, shafa masa banish mai sheƙi siriri da burushi, yawanci farin yana ɓacewa, in ya bushe ka maimaita marar sheƙi. Ɗigon jini da gumi a bayan banish ake sa su, in ba haka ba sheƙinsu zai mutu. Ranar da habub, wato guguwar ƙura, ya taso kada ka buɗe fenti ko kaɗan. Da ka gama kowane shafi, kife roba mai tsabta a kan aikin, ka yayyafa ruwa a daɓen ɗakin, sannan ka wanke burushin ka ajiye shi a kwance cikin kwali mai murfi.